Rufin Masaukin Baƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takarda ta fito daga hannun mahaifinka Malam Garba, Moshi Zongo, Tamale, zuwa ga ɗana Yakubu. Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya tsare ka a hanya, ya kiyaye motar da direbanta, ya ƙetarar da ku ruwan Yeji lafiya, ya sauke ka Kumasi a hannun mutanen kirki. Amin.

Bayan haka, tun da aka tsayar da ranar tafiyarka nake rubuta wannan kaɗan-kaɗan, in na gaji in ajiye alƙalami. Na san ranar sallama ɗaki zai cika, kowa da saƙonsa, ni kuma numfashina ba ya kai ni ƙarshen doguwar magana yanzu. Zan ba Sumaila kafinta ya miƙa maka a tasha.

Aikin ɗinki da ka samu can ba ni da abin cewa a kansa, ka fi ni sanin keke da almakashi. Maganata a kan ɗaya nauyin ce, wanda dattawan unguwa suka ɗora maka: ka bi mutanenmu na Tamale da ke zaune Kumasi ka nemo gudummawar da za a rufe masaukin baƙi kafin ruwa ya sauka. Ka ga halin da yake ciki da idonka. Jinkar ɗakin gabas ta rufta, gara ta cinye itacen na yamma, na tsakiya ne kaɗai ake kwana ciki, shi ma ana hango sama ta wurare. Bangon ƙasa ne. In damina ta same shi a buɗe zai jiƙe ya zube, in kuwa ya zube ba na jin akwai wanda zai sake tayar da shi. Na yi shekaru masu yawa ina wannan roƙo da za ka fara, na kuma yi kurakurai a ciki, wasu kana ƙarami, wasu ba a haife ka ba. Ga su nan yadda suka faru, don kada ka taka inda na taka na zame.

Ka taso ka ga masaukin a tsaye, ba ka san dalilin gina shi ba sai a bakin mutane. A wancan zamani motoci ba su yi yawa ba. Samari daga ƙasar Moshi da Gurunsi da Zabarma suna gangarowa da ƙafa, ayari-ayari, za su Kurmi, can kudu, neman aiki a gonakin koko ko ramin zinariya. Kafin su iso Tamale wani kurkunu ya fito masa a ƙafa, wani zazzaɓi ya kayar da shi, abokan tafiyarsa kuwa ba za su iya jira ba, guzuri zai ƙare. Sai su jingine shi a gindin bishiya bakin kasuwa su wuce. Wata safiya aka tarar da ɗaya ya cika a jikin bangon masallaci. Muka wanke shi, muka sallace shi, muka binne, babu wanda ya san sunansa balle garinsu. Da muka dawo daga maƙabarta Limam ya tsayar da mu, ya ce wannan abin kunyar unguwa ne. Aka kai goro gidan sarkin gari aka roƙi fili, aka yi aikin gayya aka tayar da ɗakuna uku. Ni a lokacin ina tafinta a ofishin Disi, Baturen da ke mulkin gari. Na yi allo, na yi littattafai, na kuma taɓa boko, sai aka ce Garba ne zai riƙe. Ban ƙi ba. Gaskiya ma na ji daɗi.

Na shigo aikin da kan ofis. Na ga yadda Turawa ke tsara abinsu, sai na ce mu ma haka za mu yi: kowane magidanci ya kawo kuɗi duk wata, ranar Juma'a bayan an idar da salla sanƙira ya miƙe ya kira sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar. Fatake masu goro da shanu abin ya yi musu daɗi, har suna gasa. Ban lura ba cewa masu ƙaramin ƙarfi sun daina tsayawa bayan salla. Wa zai so a kira sunansa da kwabo bayan an kira na wani da fam?

Sannan ga matan ƙauyen Kalpohin. Dagombawa ne, ba 'yan Zongo ba, babu wanda ya roƙe su. Suna wucewa ta ƙofar masaukin za su kasuwa, suka ga abin da ake yi, sai suka riƙa sauke ɗan abin da ke kansu. Wannan ta zare itace daga daminta, wannan ta gutsuro man kaɗanya, wata ta zuba dawa a ƙwarya. Babbarsu ita ce Mma Sanatu, wadda ka sani da tsufanta. Ni kuwa abin ya dame ni, domin ban san yadda zan sa sanƙira ya kira itace ba. Ran nan na tare ta na ce, “Mma, da za ku sayar da kayan ku kawo kuɗin, da ya fi mana sauƙi.”

Ta dube ni ta ce, “Malam, kuɗi za ka sa a murhu?”

Na ce a'a.

“To kuɗi za ka shafa ma ƙafa mai ciwo?”

Ta gyara damin itacen a kanta ta ce, “Yi hankuri, mu ba mu sani ba gidan masu kuɗi ne.”

Daga ranar suka sauya hanya. Ba a daɗe ba sai ga ni a kasuwa ina sayen itace da man kaɗanya a hannun matan nan da kuɗin fatake, abin da a da yake zuwa har ƙofa kyauta. Mahaifiyarka Mariama, Allah ya jiƙanta, ita ta gyara. Ta tuƙa tuwo ta ɗauka a kai har Kalpohin, ta durƙusa ta gaida Mma Sanatu da Dagombanci, ta ce a yi haƙuri, mijinta karatu ne ya yi masa yawa. Matan suka yi ta dariya a kaina, suka dawo hanyar masaukin. Na kuma hana sanƙira kiran suna, sai dai a ce jama'a sun taimaka, a yi wa kowa addu'a ɗaya.

To, a Kumasi za a nuna maka ƙofofin manya, ka je. Amma yawancin mutanenmu can 'yan dako ne a kasuwa, da masu gadi, da mata masu tuwo. Da yawa cikinsu sun taɓa kwana a masaukin nan, ko ɗan uwansu ya kwana. Kada ka wuce su. Wanda ya ba ka ƙusa ka karɓi ƙusa. Direban da ya ce ba shi da kuɗi amma zai ɗauko kaya zuwa Tamale kyauta, ya ba ka abu babba. Wanda ya ce ba shi da komai, ka zauna ka sha ruwansa, ka ba shi labarin gida, ka tashi da fara'a, baɗi yana iya samu. Godiyar da za ka yi wa mai fam ita za ka yi wa mai kwabo, da murya ɗaya.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Wata shekara hatsi ya yi tsada, rumbunmu ya kusa ƙarewa. Na yi dabara na gayyaci matar Disi da wasu manyan 'yan kasuwa su zo su ga masaukin. Akwai wani Bamoshe a lokacin, sunansa Tinga, dogo, mai kunya, kurkunu ya huda masa ƙafa. Mun naɗe kan tsutsar a tsinke muna janta kaɗan-kaɗan kowace safiya, yadda ake yi. Da baƙin suka shigo na kai su kansa, na yaye tsumman da ya rufe ƙafar, ina bayani da Turanci ina juyawa da Hausa. Matar Disi ta toshe hanci da hankici, idonta ya kawo ruwa. 'Yan kasuwa suka yi ta salati. Aka ba da abin kirki ranar, rumbu ya cika.

Da suka tafi na koma da murnata in gaya wa Tinga. Ya juya fuska bango. Can ya ce, “Malam, ni na shigo nan in ɓoye ciwo na ne. A garinmu ko mata na ba zai ga wannan ƙafa ba.” Na ce ai don amfaninsu na yi, da shi da 'yan uwansa. Ya ce, “Ka tambaye ni?” Ban tambaye shi ba. Kwana kaɗan bayan haka ya sari sanda, ya ɗaure ƙafar, ya kama hanyar Kurmi da tsutsar a jikinsa. Na bi shi har bayan gari ina ba shi haƙuri, bai ko waiwayo ba. Ban sake jin labarinsa ba.

Hatsin ya ciyar da mutane, ban musa ba. Amma an gina ɗakunan nan ne don a rufa wa baƙo asiri, ni kuma na tona don in cika rumbu. In kana roƙo za ka ga labari mai ban tausayi yana buɗe aljihu da sauri, har ka fara ƙara masa gishiri ba ka sani ba. Ka faɗi halin ginin, ka faɗi abin da ake yi a ciki, ya isa. Kada ka kama sunan wani marar lafiya, kada ka siffanta ciwonsa, sai in shi ya ce ka faɗa. Wanda ba zai bayar ba sai ya ga ƙafa a buɗe, bar shi da abinsa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato Alhaji Tanko. Ka ji a taron dattawa cewa ya aiko daga Kumasi, ya ce a daina wahalar ciyawa, shi zai rufe ɗakunan duka da kwano daga aljihunsa. Ka ga yadda fuskoki suka washe. Dattawan da suka san abin da ya faru a da yawancinsu sun rasu, waɗanda suka rage kuma suna jin nauyinsa. Shi ya sa suka ce ka je ka gan shi, in ka ga ya dace ka karɓa. Sun sauke kayan a kanka ke nan. Ni ban yi magana a wurin ba, ban so in tona mutum a bainar jama'a yana nesa. Amma kai dole ka sani.

Lokacin bai je Makka ba, Tanko kawai ake ce masa. Sana'arsa tara leburori: masu gonakin koko su ba shi kamasho, shi kuma ya cika mota da samari ya kai musu. Ya same ni wata rana bayan la'asar ya ce, “Malam Garba, kai malami guda kana yawo ƙofa-ƙofa kamar mai tallan gishiri? Bar wannan. Abincin gidan nan na ɗauke, shekara da shekara, fi sabilillahi.” Na gaji da yawo a lokacin, ƙafafuna sun san kowane zaure a Tamale. Na yi ta godiya. Ban tambaye shi komai ba. Ban kuma shawarci Limam ba sai bayan na amsa.

Abu na farko da ya faru, jama'a suka janye hannu. Ba don mugunta ba. In na gamu da mutum sai ya ce, “Ai Tanko ya ɗauke muku, Allah ya saka masa.” Matan Kalpohin suka ga buhuna a jibge, suka wuce da itacensu. Kafin shekara ta zagayo, masaukin da unguwa duka ke ciyarwa ya koma na mutum ɗaya.

Sannan ya fara zuwa gaida marasa lafiya. Yakan zauna bakin ƙofa ya raba goro, ya dubi wannan ya ce, “Ƙafa ta yi sauƙi? Madalla. Ina za ka in ka tashi? Af, ai motata jibi za ta.” Mutumin da ya yi wata yana cin tuwonka, da wane baki zai ce maka a'a? Suka riƙa shiga motarsa. Can sai a kai su gonakin da kowa ya ƙi, cikin tsakiyar daji, a kan ladan da ba da su aka yi cinikinsa ba, babu kuma damar tashi sai an gama shekara. Wanda ke da ɗan uwa yana jiransa a Obuasi ko Kumasi bai isa wurinsa ba. Ni ina nan ina murna rumbu cike.

Labari ya bi hanya ya koma arewa. Masu komawa gida suka gaya wa masu gangarowa, in kun isa Tamale kada ku kwana gidan Tanko. Gidan Tanko! Sunan da aka ba mu ke nan har Wagadugu. Sai na ga ɗakuna wayam, ga abinci babu mai ci. Ran nan aka zo aka ce mini ga wani kwance a gindin bishiya bakin kasuwa. Na je da kaina in ɗauko shi. Da ya ji inda za a kai shi, ya riƙe saiwar bishiyar da hannu biyu, jikinsa na rawar zazzaɓi, yana cewa a bar shi nan.

Na tafi wurin Tanko na ce ya ci gaba da taimako in yana so, amma ya daina ɗaukar mutane daga masaukin. Ya yi dariya ya ce, “Malam, na ɗaure wani? Na sa wa wani igiya? Aiki suka fito nema, na ba su aiki.” Na ce haka ne, amma ba su da bakin ƙi. Ya ce, “To kai da ka karɓi buhuna, kana da bakin ƙi?” A ranar ya aiko aka kwashe abin da ya rage a rumbu.

Abin da ya biyo baya ka fara wayo, kana iya tunawa, shekarun da mahaifiyarka ke raba tuwon gidanmu biyu. Komawa ƙofofin da na daina zuwa ya fi fara zuwansu wuya. Wani ya ce mini, “Maigidanku ya kore ku ne?” Haka na haɗiye. Gyaran sunanmu a hanya kuwa ya fi haka daɗewa.

Ban ce Alhaji Tanko na yau shi ne Tankon jiya ba. Mutum yana tsufa, yana tuna kabari, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi niyya. Amma har yanzu motocinsa suna ɗaukar leburori, kuma kwano ba ciyawa ba ne. Ciyawa hannu da yawa ke yanka ta, ana sauya ta bayan 'yan shekaru, babu wanda zai nuna ya ce tawa ce. Kwano zai daɗe yana ƙyalli, duk wanda ya hango daga hanyar arewa zai tambaya wa ya sa, za a kuma faɗa masa.

Ga yadda nake so ka yi. Kada ka fara da shi, ka zaga ƙanana tukuna, don ka shiga zaurensa da abu a hannunka. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da dattawa daga mutanenmu, waɗanda ba sa ci a hannunsa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi da girmansa, sa'an ubanka ne. In an kawo abinci ka ci. Sannan ka ce jama'a sun gode, an kuma tsara kowa ya kawo rabonsa, ana roƙon Alhaji ya sa hannu kamar kowa. In ya ba da rabo, ko ya fi na kowa yawa, ka karɓa ka yi godiya, muddin bai zama shi kaɗai ba. Ka tambaye shi a gaban shaidu, da ladabi, ko akwai abin da yake so a yi masa game da masaukin. In ya ce babu sai lada, alhamdu lillahi, kunnuwa sun ji. In ya ce ko duka ko babu, ko ya kawo zancen motoci ko da wasa, ka ce za ka kai wa dattawa, ka yi sallama. Kada ka yi musu da shi, kada ka tayar da tsohon zance. Ya fi ka iya magana.

Saura ɗaya, gajere ne, amma shi ya kai rufin ga halin da yake ciki. Bayan abin Tanko na daina yarda da kowa. Ni ne roƙo, ni ne sayen hatsi, ni ne mabuɗin rumbu, ni ne wankin gyambo. Sumaila ya sha zuwa yana cewa, “Baba Malam, ba ni ko rufin in riƙa dubawa.” In ce masa akwai lokaci. Mahaifiyarka takan ce, “Malam, gidan nan ma akwai baƙi, mu ne.” Ina ɗauka wasa take yi. Kai da yayarka Hajara kun girma kuna ganin ƙeyata. Da ciwon ƙirjin nan ya kwantar da ni, sai aka tarar babu wanda ya san ƙofar da ake zuwa a wane wata, wa ke ba da ciyawa, wa ke ba da igiya. Kowa yana jiran Malam ya tashi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ana jira. Gara ba ta jira ba.

Na gyara abin da zan iya. Na miƙa wa Sumaila mabuɗi a gaban Limam, na zaunar da shi na faɗa masa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, jikar Mma Sanatu kuma ta karɓi tukunya. Kai ma tun ranar farko ka nemi mutum biyu ko uku ku riƙe abin tare. Abin da aka bayar kada ya kwana a ɗakinka, a ajiye wurin wanda jama'a suka yarda da shi, a aiko wa Sumaila da sanin kowa. In an rufe ɗaki, ka koma wurin duk wanda ya bayar, ko ƙusa ce, ka gaya masa an rufe. Ni na yi sakaci da wannan, ba na komawa sai buƙata ta sake tasowa, har mutane suka riƙa shigewa cikin gida in sun hango rawanina. Ka kuma riƙe ɗinkinka. Shi zai ciyar da kai, shi zai sa ka shiga zauren mai kuɗi ba da yunwarka ba. In Allah ya ba ka iyali, ka riƙa cin tuwo a gida.

Akwai maganar da ban gaya maka ba. Ka san mun bar shi a kan matar maƙwabcinmu za ta riƙa kawo mini ruwa da abinci. Ta yi alkawari da zuciya ɗaya, amma tana da goyo, ga nisan da ake zuwa ɗiban ruwa a garin nan in rani ya tsananta. Hajara tana Bawku da ɗawainiyar gidanta, ba zan tayar da ita ba. Ni kuma yanzu ko buta ba na iya ɗagawa in tana cike. Tun rasuwar mahaifiyarka gidan ya yi mini girma. Saboda haka na yi shawara da Limam da Sumaila, bayan tafiyarka zan koma masaukin, ɗakin tsakiya. Can akwai tukunya a kan wuta, akwai mutanen da zan yi hira da su, ina kuma jin Moshanci daidai gwargwado. Babu wanda ya tilasta ni. Kada ka juyo. In ka juyo ka ɓata aikinka, ka ɓata nawa.

Na gaya maka ne don direbobi za su kai labarin Kumasi ko na so ko ban so ba, gara ka ji daga gare ni. Alhaji Tanko ma zai ji. Na san shi, zai dube ka a gaban mutane ya ce, “Ubanka na kwance ruwa zai zuba masa, kai kana nan kana kawo mini tsari?” Ranar za ka ji zafi, za ka ga kamar ƙin karɓa rashin tausayi ne. To, ni ne mai kwanciya a ɗakin, ni kuma na ce amsarka kada ta sauya saboda ni. Ka ce masa mahaifinka ya gode, yana gaishe shi, maganar masauki kuwa ta jama'a ce.

Haka nan a sauran ƙofofi. Kada ka ce a taimaka don Malam Garba yana ciki. Ban ba ka izini ba. Ka roƙa wa masaukin kamar yadda za ka roƙa in wanda ba ka san sunansa ba ne a kwance.

In abin da ka tara bai kai kwano ba, a sayi itace mai kyau da igiya, ciyawa kuwa Sumaila ya riga ya yi magana da mutanen ƙauyen Dabokpa. In bai kai ɗakunan duka ba, a rufe abin da ya kai. In ruwa ya riga mu, za mu jawo tabarmi gefen da ba ya zuba, mu tara ƙwarya. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ba zan iya ba shi ne in kwanta ƙarƙashin rufi mai kyau ina jin baƙo a waje yana roƙo kada a shigo da shi.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Ka gaida mai masaukinka da duk mutanen Tamale da suka tambaye ni. Hajara ni zan rubuta mata da kaina. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga ciwon Kurmi da sharrin hanya, ya ba ka haƙurin jin a'a da hankalin faɗinta. Allah ya yi maka albarka. In da sauran kwana, ya sada mu da alheri. Amin.

Wassalamu.

Mahaifinka,
Malam Garba